Wane Wata Ya Kamata Mutum Ya Nufi Birnin Benis?

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau shirin namu zai kai mu arewa maso gabashin Italiya, birnin Benis, wanda za ku ga an rubuta Venezia a tikitin jirgi da allon tasha. Tambaya guda za mu warware. Idan Allah ya hore wa mutum zuwa Italiya, ko karatu ya kai shi, ko taro, ko fatauci, ko zumunci, har ya ce bari ya leƙa wannan birni na kwana biyu ko uku, a wane wata ya kamata ya sa ƙafa?

Kafin mu shiga lissafin watanni, sai mun san irin garin da muke magana a kai, domin yanayin garin ne ya sa tambayar ta yi nauyi. Benis a cikin ruwa take zaune, a kan ƙananan tsibirai kusan 118, a wani tafki mai gishiri da ke haɗe da Tekun Adiriyatik. Gadoji sama da 400 ne suka ɗinke ta. Mota tana ƙetaro doguwar gada daga gaɓa, ta tsaya a filin da ake kira Piazzale Roma, shi ke nan iyakarta. Jirgin ƙasa ma a tashar Santa Lucia yake sauke kowa. Daga nan kuma sai ƙafa ko jirgin ruwa. Motar asibiti jirgin ruwa ce, ta kwasar shara jirgin ruwa ce, mai kawo wa kantuna kaya ma ta ruwa yake zuwa. Garin ya yi ɗaruruwan shekaru yana jamhuriya mai cin gashin kanta, yana ciniki da Masar da Sham da Daular Usmaniyya, har zuwa 1797 da Napoleon ya kawo ƙarshen mulkinta.

Kuma kada ku ɗauka ba mu da alaƙa da wurin. Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya tarar da duwatsun ado na Benis cikin kayan da fatake ke ƙetaro Sahara da su. Takardar nan mai tambarin jinjirin wata uku, wadda malamanmu na da suka rubuta Alƙur'ani da littattafan fiƙihu a kanta, da yawanta a yankin Benis aka sarrafa ta. Saboda haka wanda ya je can, ya je ganin tushen wasu abubuwan da suka daɗe a zaurukan kakanninsa.

To, mu fara da ruwa, don shi ne sarkin garin.

Daga Oktoba zuwa Janairu, musamman a Nuwamba, ruwan teku kan taso ya shiga unguwanni. Mutanen garin suna ce masa acqua alta. Ba ruwan sama ne ke kawo shi ba. Teku dama tana cika tana janyewa sau biyu a yini, kuma cikar ta fi ƙarfi idan wata ya tsaya ko ya kai tsakiya. Idan wannan ya haɗu da iskar da ake kira shirokko, wadda ke tasowa daga Sahara ta ƙetare Bahar Rum ta biyo Adiriyatik daga kudu maso gabas, sai iskar ta tunkuɗo ruwan zuwa ƙuryar tekun. Benis kuwa a ƙuryar take. Ruwa ba shi da wurin zuwa sai cikin gari.

Ga yadda safiyar irin wannan rana take. Tun da duhu-duhu za ka ji jiniya ta kaɗa, sannan wani sauti ya biyo baya yana hawa mataki-mataki. Yawan matakan shi ke gaya wa 'yan gari tsayin da ake sa ran ruwa zai kai. Mai kanti ya fito ya zura farantin ƙarfe a bakin ƙofarsa, ya ɗage kayan da ke ƙasa zuwa kanta ta sama. Ma'aikata su jera dogayen katakai masu ƙafafun ƙarfe a manyan hanyoyi, mutane su bi ta kai ɗaya bayan ɗaya. A dandalin San Marko, wanda shi ne wuri mafi kwari a garin, ruwan ba ta bakin teku yake fara shigowa ba. Ta ramukan magudana yake ɓulɓulowa daga ƙarƙashin duwatsun daɓe, ya yi ɗan kududdufi nan, ya yi can, kafin ka ankara sun haɗe sun rufe filin. Bayan awa uku ko huɗu ya janye, a share ƙofa, a buɗe kanti, kowa ya kama harkarsa.

Wannan ita ce ambaliyar yau da kullum, kuma ba abin tsoro ba ce. Amma akwai wadda ta wuce misali. Ranar 4 ga Nuwamba 1966 ruwa ya kai santimita 194 a ma'aunin garin, kuma har yau ba a sake ganin irinsa ba. Ranar 12 ga Nuwamba 2019 ya kai 187, ya mamaye fiye da kashi 80 cikin ɗari na birnin, ya shiga majami'ar San Marko, ya jefo jiragen ruwa kan hanya. Ku lura, duka biyun a Nuwamba ne.

Abin da ya sauya lissafi shi ne shingen da ake kira MOSE. An fara gina shi a 2003, aka fara ɗaga shi don tare ambaliya ranar 3 ga Oktoba 2020. Ƙofofi ne na ƙarfe guda 78, kwance a ƙasan ruwa a mashigai uku da ke haɗa tafkin da teku: Lido, Malamocco da Chioggia. A ranakun lafiya cike suke da ruwa, suna kwance, jirage na wucewa ta kansu. Idan masu hasashe suka ce babban ruwa na tafe, sai a hura musu iska, ruwan cikinsu ya fita, su miƙe tsaye su raba tafki da teku. Tun daga lokacin an tare ambaliya mai yawa da da ta cinye gari. Sai dai ba don ƙaramin ruwa ake ɗaga su ba, domin duk ɗagawa kuɗi ce, kuma tana tsayar da jiragen dakon kaya. San Marko kuwa tun ruwa yana wajen santimita 90 take jiƙewa. Don haka wanda ya je a Nuwamba ya sa a ransa zai iya taka ruwa. Ya nemi takalmin roba mai tsawo, ana sayarwa a ko'ina. Kuma ina roƙonku, kada wanda ya tuɓe takalmi ya shiga ba komai a ƙafa don a ɗauke shi hoto. Ruwan ya gauraya da na magudana, ba mai tsabta ba ne, ga shi mai sallah yana buƙatar tufafinsa da tsarki.

(Ɗan kiɗa)

Masu sauraro, idan ruwa ne matsalar ƙarshen shekara, ta tsakiyar shekara mutane ce. A 1951 mazauna tsohon birnin sun kai kusan 175,000. A 2022 sun faɗo ƙasa da 50,000. Baƙi kuwa miliyoyi ne a shekara, kuma a ranar da kasuwa ta cika, masu zuwa su wuni sun fi 'yan gari yawa. Lungunan garin ƙanana ne, wasu ko mutum biyu ba sa jerawa. Tsakanin gadar Riyalto da San Marko, da azahar ɗin wata Asabar a watan Yuli, sai ka ce Kantin Kwari ranar jajibirin salla: ba ka tafiya da ƙafarka, taro ne ke tafiya da kai.

Wani zai ce, ai zafin Turai ba zai dami mutumin Sakkwato ko Maraɗi ba. Gaskiya ne a Yuli da Agusta ma'aunin zafi yakan tsaya ne wajen 28 zuwa 30, wani lokaci ya haura. Amma zafi ne mai gumi, na gari mai ruwa ta ko'ina, iska ba ta busar da jiki. Kuma ba a zaune za ka wuni ba. Kusan kowace gada matakala ce, ka hau ka sauka. Ku ɗauki dattijo ko hajiya mai ciwon gwiwa, da akwati mai taya, daga tasha zuwa masauki, gada biyar ko shida a tsakani. A kowace sai an ɗaga akwatin da hannu, ga na baya suna jira, ga rana a ka, babu keke babu adaidaita da za a tsayar. Jirgin ruwan haya da ake kira vaporetto, wanda shi ne bas ɗin garin, tikitinsa na shiga ɗaya ya kai Yuro 9.50 a 'yan shekarun nan, kuma a wannan lokaci sau da yawa sai ka bar na farko ya wuce saboda cika. Da dare ga sauro. Ba ya sa maleriya, don an tabbatar Italiya ta rabu da ita tun 1970, amma yana hana barci. Abu ɗaya mai daɗi shi ne famfunan da ke dandali-dandali, ruwansu na sha ne kuma kyauta, sai mutum ya riƙe gorarsa.

Akwai kuma maganar tsawon yini, wadda jagororin yawon buɗe ido ba sa kawowa amma mu ta shafe mu. A ƙarshen Yuni rana na fitowa kafin biyar da rabi na safe, ba ta faɗuwa sai wajen tara na dare. Isha'i sai ta kai sha ɗaya ko fiye, asuba kuma wajen uku. Wanda ya wuni yana tafiya, barcin da zai samu tsakanin sallolin biyu kaɗan ne. A Disamba abin ya juya: rana na fitowa kusan takwas saura kwata, magariba ta yi da huɗu da rabi, azahar da la'asar da magariba su zo a jere kusa da juna. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa ne a Fabrairu da Maris, yana ƙara matsawa cikin sanyi, don haka mai azumi a can ba zai sha wahalar dogon yini ba kamar waɗanda suka yi shi a Yuni shekarun baya. Wuraren sallar jam'i suna can gaɓa, wajen Mestre da Marghera, inda Musulmi baƙi suka fi zama, minti goma ne zuwa sha biyar a jirgin ƙasa ko bas. Wanda Juma'a za ta riske shi ya tsara tun da wuri. Agogo ma a kula: daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris lokacinsu ɗaya ne da na Najeriya da Nijar, sauran watannin kuwa sun riga mu da awa guda.

Ba wai lokacin zafi ba shi da abin gani ba. A daren Asabar ɗin da ke kafin Lahadi ta uku a Yuli ake bikin Redentore, na tuna ƙarshen annobar da ta kashe dubban mutane tsakanin 1575 da 1577. Ana shimfiɗa gada mai iyo a kan ruwa zuwa tsibirin Giudecca, iyalai su ƙawata kwale-kwale su ci abinci a kan ruwa, a yi wasan wuta. Ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba ake bikin fina-finai a tsibirin Lido, wanda aka fara tun 1932. Lahadin farko ta Satumba kuma tseren kwale-kwale na tarihi a babban mashigin ruwa. Wanda ɗaya daga cikin waɗannan ne ya kai shi, to ya san abin da ya saya, sai ya kama masauki watanni kafin lokaci. Amma wanda garin kansa yake son gani, a ganina Yuli da Agusta su ne na ƙarshe a jerin zaɓi.

Saboda wannan cunkoso hukumar birnin ta ɗauki matakai. Tun Agusta 2021 aka hana manyan jiragen ruwa na 'yan yawon shaƙatawa bi ta gaban San Marko. Ranar 25 ga Afrilu 2024 aka fara karɓar kuɗin shiga, Yuro 5, daga masu zuwa su wuni su koma, a wasu zaɓaɓɓun ranaku 29, daga takwas da rabi na safe zuwa huɗu na yamma. A 2025 ranakun suka koma 54, daga Afrilu zuwa Yuli, kuma wanda bai yi rajista da wuri ba ya biya Yuro 10. Mai kwana a masaukin da ke cikin birnin ba ya biyan wannan, yara 'yan ƙasa da shekara 14 ma haka. Kowace shekara hukumar na fitar da jerin ranakun a intanet, kuma jerin yana da wani amfani bayan sanin ranar biya. Duk ranar da kuka gani a ciki, hukuma ce da kanta ke gaya muku ranar za a cika. Yawancinsu Juma'a ne da Asabar da Lahadi. Ku zaɓi Talata, Laraba ko Alhamis.

(Ɗan kiɗa)

Sai hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu ma'auni kan sauko kusa da sifili da dare, da rana ya tsaya wajen 6 ko 7. Sanyi ne mai danshi, mai shiga ƙashi, wani lokaci da iska mai yanka da ke zuwa daga arewa maso gabas. Hazo kan sauka ya rufe tafkin har a dakatar da wasu jiragen haya ko a canza musu hanya. Rigar sanyin da muke sawa a Disamba ba za ta yi ba. Ana buƙatar babbar kwat, safar hannu, hular da ke rufe kunne, da takalmin da ruwa ba ya ratsawa.

Duk da haka, ga mai ƙaramin ƙarfi, nan garaɓasar take. Bayan 6 ga Janairu, idan hutun Kirsimeti da sabuwar shekara ya ƙare, gari yakan yi sauƙi, kuɗin masauki ya sauko sosai, fadar sarakunan jamhuriya da majami'ar San Marko ka shiga ba dogon layi. Za ka ga 'yan makaranta suna ƙwallo a dandali, tsofaffi suna jan keken cefane zuwa kasuwar kifi ta Riyalto, wadda ba ta ci ranar Lahadi da Litinin. A tsibirin Murano, inda aka mayar da maƙeran gilashi tun 1291 don gudun gobara, zama kusa da tanderu kana kallon mai hura gilashi ya fi daɗi a Janairu fiye da Agusta. Sai dai wannan sauƙi yana yankewa da zarar bikin Karnibal ya zo. Bikin rufe fuska ne da shigar mutanen da, an farfaɗo da shi a 1979, yana ɗaukar sama da mako biyu, ya ƙare ranar Talatar da Kiristoci za su shiga azuminsu washegari. Ranar tana motsi, wani lokaci a Fabrairu, wani lokaci farkon Maris. A kwanakin nan farashi na tashi, San Marko ta cika maƙil. Idan ba bikin ne ya kawo ka ba, duba kalanda ka kauce masa. Bayansa kuma, kafin Ista, akwai wasu makonni a Maris da sanyi ya fara sassauci, baƙi ba su dawo ba tukuna. Ɗalibi ko ɗan kasuwa mai lissafin aljihu ya riƙe wannan.

To, ina zaɓina? Idan zuwan farko ne, ko da iyali, ko da manya, ina ba da shawarar lokaci biyu. Na farko watan Mayu, bayan an wuce hutun Ista, da na 25 ga Afrilu, da na 1 ga Mayu, waɗanda Italiyawa kan haɗa da ƙarshen mako su fito yawo. Zafi yana wajen 20 da ɗoriya, yini dogo ne amma bai wuce kima ba, ambaliya ba kasafai ba. Na biyu daga tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Oktoba, makarantun Turai sun koma, gumi ya ragu, babban ruwa bai kankama ba, lokutan salla sun dawo kusa da yadda muka saba. Tsakanin biyun na fi karkata ga na Satumba, saboda ya fita daga watannin da aka saba karɓar kuɗin shiga, kuma dare yana ba mutum isasshen barci.

Amma kada in ɓoye muku, waɗannan watanni ba su da arha. Masu masauki sun san su ne masu kyau, farashinsu yakan ma fi na Agusta. Ruwan sama kuma na iya sauka a kowane wata, don ba su da damina da rani a rabe, lema ba ta barin jaka. A cikin watannin ne kuma ake baje kolin Biennale, wanda aka fara a 1895, shekara guda na zane-zane da fasaha, shekara guda na tsarin gine-gine, daga wajen Afrilu ko Mayu har Nuwamba. Ɗan Najeriya, marigayi Okwui Enwezor, shi ya jagoranci na 2015, kuma Najeriya ta buɗe rumfarta a 2017 da 2024. Makon buɗewa masauki yana wuya, bayan nan sai a samu.

Kowane wata kuka zaɓa, akwai dabarar da ta fi zaɓen wata tasiri: ku kwana a cikin garin, ko da dare ɗaya ne. Masu zuwa wuni suna kwararowa ne daga wajen goma na safe, su fara janyewa da la'asar. Mu kuwa mutanen asuba ne. Idan ka idar da salla ka fito, za ka tarar da San Marko daga kai sai masu shara, jiragen kaya suna sauke kayan lambu a Riyalto. Ka ga manyan wurare kafin tara, idan taro ya taso ka nufi unguwannin Cannaregio ko Castello ko Dorsoduro, ko ka hau jirgi zuwa Burano mai gidaje launi-launi. Idan masaukin cikin gari ya fi ƙarfin aljihu, Mestre ta fi sauƙi, sai a kamo jirgin farko na safe.

Kuma a tuna gidan mutane ne. Kada a zauna kan matakalar gada ana cin abinci an tare hanya, kada a shiga ruwan mashigi da sunan wanka, kada a watsa wa tantabaru hatsi a San Marko. Duk akwai tara a kansu. A lungu a bi ta dama, a bar wa mai sauri hanya, domin wataƙila asibiti za shi ko wurin aiki.

Abu na ƙarshe, wanda ke rusa wa mutanenmu shiri fiye da ruwa da sanyi, shi ne biza. Italiya tana cikin ƙasashen Shengen. Ana iya miƙa takardun nema tun saura wata shida a yi tafiya, kuma doka ta ce kada a gaza kwana 15 kafin ranar tashi, amma samun ranar ganawa kaɗai kan ci makonni, musamman gab da hutun tsakiyar shekara. Kuɗin biza ga babba Yuro 90 ne tun Yuni 2024, ana neman inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, fasfo kuma ya kasance da sauran wata uku bayan ranar dawowa. Mai son Mayu ya fara shiri tun Janairu, mai son ƙarshen Satumba ya fara tun Mayu ko Yuni. A bi ta ofishin jakadanci ko cibiyar da ya amince da ita, a guji 'yan tsakiya masu alkawarin biza cikin mako guda, kuma a kama masaukin da ake iya sokewa ba tare da asara ba har sai biza ta fito.

Nan za mu dakata a shirin yau. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)